Man hantar kifi: lissafin da ake yi kafin a kai cokali baki

A kemis za ka tarar da kwalabe biyu a jere, kowacce da hoton kifi a jiki, kuma duka "man kifi" mutane ke ce musu. Ɗaya daga naman kifaye masu maiƙo irin su sardin aka tatso shi, ɗayan kuma daga hantar wani kifin ruwan sanyi da Turawa ke kira kod. Hanta ita ce rumbun da kifi ke tara bitamin A da bitamin D, kamar yadda take a jikin mutum, saboda haka man da aka fitar daga cikinta yana tafe da su maƙil. Na naman kifi kuwa kusan babu su a cikinsa. Duk abin da man hanta ya fi ɗan'uwansa da shi daga nan ya taso, haɗarinsa ma daga nan.

Kifin kansa ba baƙo ba ne a kasuwannin Najeriya. Busasshen kifin nan mai tauri kamar itace, wanda mutanen kudu ke kira okporoko ko panla, akasari daga Norway ake kawo shi, kuma mafi tsadarsa kod ne. Daga Janairu zuwa Afrilu kifin ke gangarowa tsibiran Lofoten na Norway don yin ƙwai, masunta su kama, su shanya gangar jikin a kan katako, hantar kuma a yi mai da ita. A da a ganga ake zuba hantar a bar ta ta ruɓe, man ya taso sama, baƙi-baƙi mai wari. A 1854 wani mai harhaɗa magunguna ɗan ƙasar, Peter Möller, ya fito da hanyar dafa ɗanyar hanta da tururi, aka fara samun mai fari-fari wanda za a iya haɗiyewa ba tare da an toshe hanci ba. Har yau ana sayar da man hantar kifi mai ɗauke da sunansa.

Sunan da man ya yi a duniya kuwa a kan ciwon lanƙwasar ƙashin yara ya yi shi, ciwon da ke sa ƙafa ta yi baka ko ta yi gwame, wuyan hannu ya kumbura, yaro ya yi jinkirin tafiya. A biranen Turai masu hayaƙin masana'antu, inda rana ba ta kai wa lunguna, ciwon ya yi wa yara katutu. A 1919 Edward Mellanby a Ingila ya nuna cewa man yana warkar da 'yan kwikwiyon da suka kamu. A 1922 Elmer McCollum a Amurka ya dafa man yana busa masa iska har bitamin A ɗin da ke ciki ya mutu, sai ga shi har yanzu yana gyara ƙashi. Ashe akwai wani sinadari dabam a ciki. Shi ne aka raɗa wa suna bitamin D.

Wannan tarihin gaskiya ne, amma na ƙasashen da rana ke yi wa rowa ne. A Jos an yi wani gwaji da aka buga a 1999, a kan yara 123 masu wannan ciwo. An kasa su gida uku: wasu aka yi musu allurar bitamin D, wasu aka ba su kalsiyam, sinadarin da ke gina ƙashi, miligiram 1,000 kullum, wasu aka haɗa musu biyun. Bayan mako 24, a cikin waɗanda suka sami bitamin D kaɗai kashi 19 cikin 100 ne ƙashinsu ya kusa warkewa sarai. A cikin masu kalsiyam kaɗai kashi 61 ne, masu haɗin biyu kuma kashi 58. Yaran kalsiyam ɗin da suke samu a abinci wajen miligiram 200 ne kawai a rana, don tuwon masara ne babu nono. Man hantar kifi ba shi da kalsiyam ko kaɗan. Uwar da ta ga ƙafar ɗanta na lanƙwashewa ta ruga ta sayo kwalba, tana iya shafe wata shida tana ba shi, abin da ƙashin ke nema bai shiga ba. Yaro irin wannan asibiti ake kai shi a ɗauki hoton ƙashi, a rubuta masa kalsiyam, da bitamin D idan ana bukata, a gida kuma a dage da nono, kindirmo, miyar kuka, riɗi, da ƙananan kifin da ake dakawa da ƙayarsu.

Yanzu ga lissafin, don a nan gizo ke saƙar. Bisa ma'aunin ma'aikatar noma ta Amurka, cokalin shayi ɗaya na man, wato kusan mililita 5, yana ɗauke da bitamin A maikrogiram 1,350 da bitamin D kusan maikrogiram 11. Babban cokali, wanda ya ninka na shayi sau uku, yana da bitamin A maikrogiram 4,080 da bitamin D maikrogiram 34. Abin da namiji baligi ke bukata na bitamin A a rana 900 ne, mace 700, mai ciki 770. Iyakar da aka ce kada baligi ya riƙa wucewa kullum 3,000 ce. Ke nan babban cokali ɗaya tak ya haura iyakar, tun mutum bai ci komai ba. Ga yara iyakar ƙasa take sosai: 600 daga haihuwa zuwa shekara uku, 900 daga shekara huɗu zuwa takwas, 1,700 daga tara zuwa sha uku. Ɗan shekara biyu da aka ba cokalin shayi na irin wannan man ya sha fiye da ninki biyu na iyakarsa. Idan da cokalin da ake shan koko aka auna masa, ya kusa ninki bakwai.

Sai dai ba kowace kwalba ke da wannan adadin ba. Tacewar da ake yi wa man a masana'anta don cire datti da wari tana kashe yawancin bitamin ɗin da ya zo da shi, sai kamfani ya mayar da adadin da ya ga dama. A Norway an rage bitamin A da kashi uku cikin huɗu, yanzu maikrogiram 250 ne a mililita 5. Wata kwalbar daga wata ƙasa tana iya ninka haka sau biyar. Saboda haka duk wanda ya ce maka "cokali ɗaya ake sha" bai duba kwalbarka ba, bai gaya maka komai ba.

Juya kwalbar ka dubi ɗan teburin da ke baya. Abu na farko, a kan wane awo aka yi lissafin: mililita 5 ne, mililita 10 ne, kafso ɗaya ne ko biyu? Nan mutane suka fi yin tuntuɓe. Na biyu, wane ma'auni aka yi amfani da shi? Idan ka ga mcg ko µg, maikrogiram ke nan. Idan IU aka rubuta, to na bitamin A sai ka raba da 3.3, na bitamin D ka raba da 40. IU 10,000 na bitamin A shi ne maikrogiram 3,000, IU 400 na bitamin D shi ne maikrogiram 10. Na uku, ka tara da sauran abin da kake sha. Ƙwayar maltibitamin sau da yawa tana da bitamin A wajen maikrogiram 800 nata na kanta. Maganin ƙarin jini na ruwa da na buɗe ciki da ake saya wa yara, wasunsu akwai bitamin A a ciki. Ga kuma hanta: giram 85 na soyayyar hantar sa ya haura maikrogiram 6,500. Mai tsayawa wurin mai tsire ya ce a yanka masa hanta sau biyu a mako ya riga ya cika rumbunsa, ba shi da abin nema a kwalba. A Najeriya tun 2002 doka ta wajabta ƙara bitamin A a man girki na kamfani, da sukari, da fulawa, shi ne dalilin tambarin ido da kake gani a jikin buhu ko galan. Karas, kabewa, mangwaro, alayyahu, zogale da manja ba sa shiga wannan lissafin, domin nasu nau'in jiki ne ke sarrafa shi gwargwadon bukata. Mai yawan cinsu iyaka tafin hannunsa ya yi ɗorawa, ya washe idan ya rage.

A auna da ɗan kofin awo ko sirinjin da ke zuwa da maganin yara. Cokulan gida ba su da tabbas, wani ya ci mililita 3, wani 8.

Dalilin wannan tsantseni shi ne bitamin A ba ya bin fitsari ya fita kamar bitamin C. Hanta ke ɓoye shi, yau kaɗan gobe kaɗan, sai bayan watanni alamu su fara bayyana, kuma alamu ne da ba wanda zai danganta su da cokalin safe: ciwon kai mai naci, gani dishi-dishi, tashin zuciya, leɓe ya tsattsage, fata ta bushe tana saɓa, gashi ya riƙa zuba, ƙasusuwa su riƙa ciwo. A lokacin hunturu ma sai a ɗora wa iska laifin leɓen da fatar. Ga jariri maɗiga ke tasowa ta kumbura, ya yi ta kuka yana amai. Idan abin ya daɗe hantar kanta ke lalacewa, kuma mai ciwon hanta ko mai shan giya ya fi saurin kaiwa can. Ga tsofaffi akwai wata matsalar ta dabam. Hukumar lafiya ta Birtaniya tana gargaɗin cewa wuce maikrogiram 1,500 a rana na tsawon shekaru na iya rage ƙwarin ƙashi, don haka matan da suka daina al'ada da dattawa maza kada su haura wannan. Abin takaici su ne suka fi sayen man, wai don ƙashi.

Mai ciki, da wadda ke neman ciki, ta bar shi gaba ɗaya sai idan likita ne ya duba kwalbar ya amince. Bitamin A mai yawa yana taɓa halittar ɗan tayi, kai da fuska da zuciya da ƙwaƙwalwa, kuma ɓarnar a makonnin farko take faruwa, lokacin da mace ba ta ma tabbatar tana da ciki ba, balle ta fara zuwa awo. Wani bincike da aka yi a Amurka a kan mata masu ciki sama da 22,000, aka buga a 1995, ya ƙiyasta cewa a cikin waɗanda ke shan fiye da IU 10,000 a rana ta hanyar ƙwayoyi, kusan jariri ɗaya cikin 57 ya zo da tawayar da za a iya ɗora wa bitamin ɗin. A Birtaniya kai tsaye ake ce wa masu ciki su guji hanta da man hantar kifi. Mai son omega-3, wato maiƙo mai amfani da ke cikin kifi, saboda jaririnta ta ci kifi, ko ta nemi man naman kifi wanda babu bitamin A a ciki.

Akwai haɗarin da ba ruwansa da bitamin, kuma ya fi shafar jarirai: ɗura. A kwantar da yaro rigingine a cinya, a danne hannuwansa, a toshe hanci, yana buɗe baki don ya ja numfashi a kwarara masa. Da ruwa ma haɗari ne, da mai kuwa ya fi. Ruwa idan ya bi ta hanyar iska yaro kan ƙware ya yi tari ya fitar. Mai santsi gare shi, yakan zarce ba tare da ya tayar da tari sosai ba, ya je ya kwanta a ƙasan huhu, huhun ya kumbura a kansa. Sai yaro ya yi ta tari da zazzaɓi da numfashi sama-sama, a yi ta ba shi maganin nimoniya ba ya ji, domin ba ƙwayar cuta ba ce. Likitocin yara sun san wannan ciwon tun farkon ƙarni na 20, kuma man hantar kifi na cikin man da suka fi kamawa da laifi. Yaro a zaune ake ba shi, yana farke, ba ya kuka. Idan ya ƙi, a ƙyale shi. Haka tsohon da shanyewar ɓarin jiki ta taɓa masa haɗiya, kada a ba shi mai a cokali.

Iyaye su kuma tuna da ɗan kafson da ma'aikatan lafiya ke yanke wa baki su matsa wa yara a makon lafiyar mata da ƙananan yara. Shuɗin IU 100,000 ne, na 'yan wata 6 zuwa 11. Jan IU 200,000 ne, na 'yan wata 12 zuwa 59, duk bayan wata huɗu zuwa shida. An auna shi ne don hanta ta ajiye ta riƙa sakinsa a hankali, yana kare yara daga dundumi da makanta, yana rage mace-mace. Kada a fasa karɓarsa don ana ba yaro man kifi a gida, amma a gaya wa ma'aikaciyar abin da yake sha. Haka idan ƙyanda ta kama yaro, bitamin A da ake ba shi a asibiti sau biyu ne, yau da gobe, da adadi sananne. Man kwalba ba ya maye gurbin wannan, ba ya kuma maye gurbin rigakafi. A 2025, lokacin ɓarkewar ƙyanda a jihar Texas ta Amurka, likitoci sun ba da rahoton yaran da aka kawo da alamun bitamin A ya yi musu yawa har ya taɓa hanta, bayan an yi ta yayata cewa shi ne maganin cutar.

To wa zai amfana? Wanda rana ba ta taɓa fatarsa. Tsohon da ke kwance a ɗaki, macen da ba ta cika fita ba kuma idan ta fita a rufe take ruf, da Bahaushen da ke zaune a Ingila ko Kanada, inda baƙar fata ba ta iya haɗa isasshen bitamin D da raunanniyar ranar can. A Birtaniya shawarar hukuma maikrogiram 10 ce a rana lokacin sanyi, masu duhun fata kuma duk shekara. Cokalin shayi na man yana biyan wannan. Amma a ganina ƙwayar bitamin D zalla ta fi, ga araha, ga shi babu bitamin A da za a yi ta lissafinsa.

Masu amosanin gaɓɓai, irin wanda garkuwar jiki ke cin gaɓoɓi, yatsu su kumbura su sage da safe, su ma suna da hujja. A Scotland an gwada majinyata 97 na wata tara, aka buga a 2008. Rabi suna shan giram 10 na man kullum. Kashi 39 cikin 100 na masu shan man sun iya rage maganin kashe zafi da fiye da kashi 30 cikin 100, a cikin rabin da ba sa shan man kuwa kashi 10 ne kawai. Wannan ba ƙaramin abu ba ne ga wanda diclofenac ke ci wa ciki da ƙoda. Sai dai giram 10 ya haura cokalin shayi biyu, dole a zaɓi mai ƙarancin bitamin A, kuma ba a ajiye asalin maganin cutar. Ciwon gwiwa na tsufa, wanda guringuntsi ne ya cinye, hujjar amfaninsa a can tana da rauni.

Batun mura da garkuwar jiki an gwada shi a gidan man kansa. A Norway, a sanyin 2020 zuwa 2021, mutum 34,601 aka kasa biyu, wasu na shan mililita 5 na man hanta kullum, wasu man masara. Babu bambanci a kamuwa da korona ko sauran cututtukan numfashi. Na zuciya ma haka: a Amurka an bi mutum 25,871 kusan shekara biyar, masu shan giram ɗaya na man kifi a rana ba su sami raguwar manyan cututtukan zuciya da jijiyoyi da za a kafa hujja da ita ba. Inda omega-3 ke aiki babu musu shi ne rage kitsen jini da ake kira tiraigilisarayid, amma sai an sha giram 2 zuwa 4 na EPA da DHA, wato nau'o'in omega-3 biyu da ke cikin man kifi, a rana. Cokalin shayi na man hanta bai cika kai giram ɗaya ba, kafso mai miligiram 1,000 kuwa wajen 200 kaɗai ke ciki, sauran wani maiƙon ne. Wanda ya ce zai kai giram 3 da man hanta mai ƙarfi sai ya sha cokali uku ko huɗu, bitamin A ya haura 4,000. An yi gudun gara an faɗa gidan zago. Ga shi kuma omega-3 mai yawa yana ɗan ƙara haɗarin rikicewar bugun zuciya. Titus, shawa ko sardin na gwangwani sau biyu a mako sun wadatar da mai lafiya.

Mai shan maganin tsinka jini irin su warfarin, asfirin ko clopidogrel ya gaya wa likitansa kafin ya fara, domin man yana ɗan tsinka jini, haka wanda za a yi wa tiyata. Mai shan isotretinoin na kurajen fuska kada ya kusance shi, maganin kansa ɗan gidan bitamin A ne. Haɗa bitamin A mai yawa da tetracycline ko doxycycline na iya ɗaga matsin ruwan cikin kai. Mai tsakuwar ƙoda ko wanda kalsiyam ya yi wa yawa a jini ya yi hattara da bitamin D. Mai kyan jiki ga kifi, wanda yake yi wa borin jini, ya bar shi. Ƙananan matsaloli irin su gyatsa mai ƙarni, ƙwannafi da sakin ciki, yawanci shan man a tsakiyar cin abinci yana magance su, kuma a haka ma jiki ya fi tsotse bitamin ɗin.

Wajen saye a duba lambar NAFDAC da ranar ƙarewar aiki, a zaɓi kamfanin da ya rubuta adadin kowane sinadari ƙarara. Hantar kifi tana tara gubar masana'antu da ke yawo a teku, irin su dayoksin, tacewa mai kyau ce ke cire su, shi ya sa man da ba a san inda ya fito ba bai cancanci arharsa ba. Ɓawon kafso kuma da jelatin ake yin sa, yana iya zama na sa, na kifi ko na alade. Mai kula da halal ya karanta, in ba a faɗa ba ya ɗauki na ruwa.

Zafi, haske da iska su ne abokan gabar wannan mai. Kwalbar da ta yi bazara a kan kanta a shagon kwano, ko a tiren mai talla a tasha, tana iya lalacewa alhali ranar da aka buga a jikinta ba ta zo ba. Da zarar an buɗe sai firji, a shanye cikin wata uku. Idan ya yi gajimare-gajimare a firji ba komai, sanyi ne, zai washe. Inda wuta ba ta tsayawa a sayi ƙaramar kwalba, a bar ta cikin kwalinta, a ajiye a gindin randa ko wani lungu mai sanyi da duhu. A goge bakin kwalbar bayan an zuba, domin ɗigon da ya maƙale a nan shi ke fara lalacewa ya yi danƙo, a kuma rufe gam nan take. Mai mai kyau ƙarninsa kaɗan ne. Wanda ya lalace warinsa kamar na tsohon fenti, yana da ɗaci, yana barin maƙaƙi a maƙogwaro. Ɗanɗanon lemo da kamfanoni ke sawa kan ɓoye wannan, ɓawon kafso ma haka, don haka lokaci-lokaci a huda ɗaya da allura a matsa a cokali a shinshina. Idan kafson sun manne da juna sun zama curi, ko ƙasan robar ya yi maiƙo, zafi ya riga ya taɓa su, a zubar.